Gwaggo Mai Masa da Kusu Mai Tsagaggen Kunne

Ga ta nan, ga ta nanku.

A bakin Kasuwar Wunti, inda hayaƙin masu masa kan riga ladani tashi, akwai wata tsohuwar Birinya da duk Bauchi ke kira Gwaggo. Iyayenta daga kan Dutsen Warinje suka sauko tun jirgin ƙasa yana kuka a Relwe, ita kuwa a gindin murhu ta buɗe ido. Tandarta ta ƙasa ce, baƙa wuluk don shan mai, kuma ba a taɓa jin masarta ta kwana ba. Direbobin Gombe da na Jos kan tsaya a ƙulle musu a leda, da yajin ƙuli a gefe. Abin kallo shi ne hannunta. Hagu na zuba ƙulli, dama na juyawa, baki na lissafin canji, ba mai jiran wani.

Wata shekara da hunturu ya kankama, ta farka da asuba ta ji yatsunta sun ƙi lanƙwasuwa. Ba hannu ɗaya ba, duka biyun, gaɓar nan da takwararta ta can. Sai hantsi ya dubi ludayi suke sakinta. Kafin damina gaɓoɓin sun kumbura sun yi ɗumi, wuyan hannu ya bi sahu, gwiwa ma ta ce ba za a bar ta a baya ba. Ranar da ludayin ƙulli ya suɓuce mata ya faɗa wuta a gaban masu saye, ta koma gida ta turo ƙofa ta yi kuka.

Magani kuwa ba irin wanda ba ta gwada ba. Aka ce sanyi ne, ta sha sassaƙen hano har ta gaji. Wanzami ya kafa mata ƙaho. Wani jikanta ya ɗauke ta a mota ta hanyar Dindima har Yankari, ta jiƙa jikinta a ruwan ɗumin Wikki, ta ji daɗi kwana biyu, 'yan'uwanta na can suka sace mata guzuri, ta dawo da ciwonta. Daga nan ta koma wa haɗin kemis, ƙwayoyi kala-kala a ƙullin takarda, fara da ja da ruwan ɗorawa. Wannan kam yana kwantar da zogi, amma fuskarta ta cika ta yi fam, cikinta ya riƙa ci da wuta. Maƙwabciyarta Bushiya, wadda ke aikin jinya, ta sha ce mata, "Gwaggo, ki zo mu je a auna jininki." Ita kuwa sai ta ce, "'Yar nan, in na tafi bin layi wa zai kula min da tanda?" Haka aka ci shekara biyu.

Ana nan ana nan, ran nan sai ga Gizo ya shigo gari da wata tsohuwar mota mai lasifika a ka. Ya fara da Muda Lawal, ya ratsa ta Ƙofar Ran, ya zo ya ci birki daidai rumfar Gwaggo. Ya sha kwat cikin rana, agogo a hannu huɗu, sauran huɗun riƙe da 'yan ledoji masu walƙiya.

"Shitem shel! Shitem shel!" in ji shi da tsamin bakin nan nasa. "Ƙwayoyin tushe kai tsaye daga Turai! Ciwon suga, hawan jini, sikila, amosanin gaɓɓai, rashin haihuwa, duk leda ɗaya! A zuba ƙarƙashin harshe, a kwana tsoho a tashi yaro!"

Sai ga wata dattijuwa ta keto taro tana dogara sanda tana nishi. Gizo ya barbaɗa mata garin a harshe. Kafin ƙiftawa da bismilla ta yi jifa da sandar ta hau tiƙar rawa. Ƙoƙi ce, matarsa, ta sha lulluɓi. Akwai waɗanda suka gane ta, amma Gizo ya riga ya yi musu alkawarin la'ada, don tsarinsa shi ne ka kawo mutum biyu, su ma su kawo bibbiyu, kai kana kwance kuɗi na shigowa. Kura tana jin haka ta sayar da filinta na Inkil ta sari katan 40, aka rataya mata lamba aka ce ta zama Dayamon.

Abin da ya sa Gizo ya gagari sauran maƙaryata shi ne ba ya fita da ƙarya zalla. Yakan nemo gaskiya guda, komai ƙanƙantarta, ya sa ta a gaba. Ya zaro wata takarda mai hoton ƙafafun kusu biyu, ɗaya ta kumbura suntum, ɗaya lafiya lau. "Ku duba da idonku. Italiya, 2007, manyan likitoci, allura ɗaya tak! Kuma ba ku ji yaron da aka raba da sikila a Benin a 2011 ba? Shitem shel ne!"

Gwaggo ta dubi kumburarriyar ƙafar, ta dubi hannunta. A makon ta kwashi adashe, ta juye masa kaf.

Wata ɗaya, wata biyu. Garin dai akwai zaƙi, iyakarsa ke nan. Da ta yi ƙorafi, Gizo ya ce ai cutar ce ke tattara kayanta, kuma irin nata ciwon ya wuce na leda, sai babbar allura a gwiwa. Kuɗin fa? Kada Gwaggo ta damu, tanda da rumfa sun isa. Aka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

To, a ƙarƙashin tarin itacen Gwaggo akwai wani Kusu da ya jima yana zaune. Ba irin ɓerayen gari ba ne da ake bi da tarko saboda zazzaɓin Lassa. Shi ɗan ƙarami ne, kalar toka mai sirkin ƙasa-ƙasa, kunnensa na dama a tsage, ƙafarsa ta baya a sandare yana jan ta. Gwaggo ba ta taɓa korarsa ba, takan ma ajiye masa ƙonannen gefen masa. Daren Juma'ar, tana zaune ta zuba wa tandar da za ta rabu da ita ido, sai ga shi ya fito da takardar Gizo a baki, wadda jikarta ta jefa cikin makamashi.

"Gwaggo, barka da dare. Ƙafar nan ta danginmu ce."

"Kai ɗan nan, ina kai ina Italiya?"

Ya zauna ya karkato kunnen. "Kin ga tsagar nan? Ba ta gado ba ce, lamba ce. Mu zuri'ar da ake kira DBA ne. Tun 1909 wani Bature a Amurka ya fara aurar da wa ga ƙanwa a gidanmu, har muka zama ni da kakan kakana kamar an tsaga kara. An yi haka ne don in aka gwada abu a kanmu kada a ce bambancin jini ne. Yadda na faɗa cikin kwalin kayan aiki har na tsinci kaina a Bauchi, wannan hirar wani dare ce. Abin da nake so ki sani, ciwon da ke ƙafata ba zuwa ya yi ba. Sa min shi aka yi."

Gwaggo ta yi salati.

"Ana ɗebo wani sinadari daga guringuntsin saniya ko na kaza, kolajin sunansa, a dama shi da mai wanda aka zuba wa matattun ƙwayoyin tarin fuka, a yi mana allura a gindin wutsiya. Ranar kwana 21 a ƙara. Ba a rufa mako biyu ba sai yatsu su yi ja, ƙafa ta haye. Kullum safiya a ɗaga ka ta wutsiya, a matse ƙafar da wani ɗan ma'aunin ƙarfe mai sanyi, a ba kowace ƙafa maki daga 0 zuwa 4. Wanda ya kai 16, ƙafafunsa huɗu sun tashi aiki. A Memfis ta Amurka aka fara yi wa manyan ɓeraye haka a 1977, mu kuma aka iso kanmu a 1980."

"Don zalunci kawai?"

"Don ke, Gwaggo, da ire-irenki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 masu ciwon nan sun kai miliyan 18, kuma bakwai cikin goma mata ne. Su ba a iya tsaga gwiwarsu kullum a leƙa, mu ana iyawa. Ban ce da daɗi ba."

Ta yi shiru, sannan ta ce ya faɗa mata abin da ke cin ta, tunda har yau ba wanda ya ce mata komai sai "sanyi ne".

"Ba sanyi ba ne. Ki ɗauki jikinki a matsayin garin nan, da ganuwar da Malam Yakubu ya zagaye shi da ita bayan ya kafa shi a 1809. Gaɓoɓinki su ne ƙofofi, suna buɗewa suna rufewa. A cikin garin akwai karnukan gadi, su ne garkuwar jiki, tun suna 'yan kwikwiyo aka sanar da su ƙamshin ɗan gari da warin ɓarawo. Abin da aka yi mana, an shafa wa tsumman ɓarawo ƙamshin ƙyauren ƙofa aka ba karnuka suka shinshina. Daga ranar, duk inda suka ga ƙyaure sai su far masa. Na farko ya yi haushi, haushin nan likitoci na kiransa TNF, na nesa su ji su sheƙo, su ma su yi nasu. Wannan cunkoso da zafin da kike ji shi ne kumburi. In aka ƙyale su, su cinye guringuntsi su kai ga ƙashi, ƙyaure ya karkace, ba ya ƙara komawa daidai. Bambancina da ke, ni an san ranar da aka ruɗa karnukana, an san tsumman da aka ruɗa su da shi, kuma duk abin 'yan makonni ne. Ke naki da kansu suka ruɗe, ga shi shekara biyu suna gwaguya."

"To ƙwayoyin tushen fa? Su ma ƙarya ce?"

"Suna nan. A cikin ɓargo, da kitse, da igiyar cibiya, akwai wasu ƙwayoyi da ba su riga sun zaɓi sana'a ba. In aka rene su a kwalba suna iya zama ƙashi, ko guringuntsi, ko kitse. Wani masani a Mosko, Friedenstein, shi ya fara ware su wajen 1970, wani kuma a Amurka, Arnold Caplan, ya raɗa musu suna a 1991. Da farko an ɗauka kafintoci ne da za a tura su gyara ƙyaure. A ɗakin da na fito ma an gwada su. Raba mu aka yi gida biyu, rabi aka yi musu allurar ƙwayoyin, rabi ruwan gishiri, don a ga ko akwai bambanci." Ya jawo sandararriyar ƙafarsa gaba. "Ni ɗan ruwan gishiri ne."

Fuskar Gwaggo ta washe. "Ka ga ke nan maganin na ci!"

"Ya ci a kan wa, yaushe aka ba shi, kuma mene ne a cikin sirinjin? Ni keji ɗaya na sani. Amma akwai wadda ta ga da yawa, jiya ta sauka kan wayar lantarkin bakin masallaci. Kada ki ba da tanda sai an je gaban Malam Dila."

Da aka sauko Juma'a, maimakon ciniki sai Gizo ya tarar da sammaci. Aka taru a gindin ceɗiya kusa da Ƙofar Wunti, Dila ya harɗe a kan buzu, rabin kasuwa ya rufe rumfa ya biyo. Ƙarshen Maris ne, zafin bazara ya kai intaha.

Gizo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya baje takardunsa. "Allah ya gafarta Malam, in akwai ƙarya a takardar nan a yanke min ƙafa ɗaya."

"Mai takwas ba ya jin asarar ɗaya," in ji Dila. "A kira mai shaida."

Tsattsewa ta sauko, 'yar mitsitsiya, da zoben ƙarfe a ƙafa wanda masu ƙidayar tsuntsaye suka maƙala mata a Italiya. Ta ci rani a tudun Boje na Kuros Riba, inda dubban dubbai irinta ke kwana cikin dogayen ciyayi, yanzu tana hanyar komawa. Sheƙarta, in ji ta, a saman tagar wani ɗakin bincike take a birnin Jenowa, 'yan'uwanta kuma sun watsu a tagogin Turai, in an haɗu a Boje sai kowa ya baje abin da ya gani.

"Labarin Italiya gaskiya ne, Allah ya gafarta Malam."

Gizo ya buɗe wa jama'a hannuwa takwas.

"A 2007, su Andrea Augello a Jenowa sun ɗebi ƙwayoyin nan daga ɓargon wani kusu, miliyan 5, suka yi wa dangin wannan bawan Allah allura sau ɗaya a ciki. Ƙashi da guringuntsi suka tsira daga mummunar ɓarna. Sai dai a lura da lokaci. An yi allurar ne ranar da aka ruɗa karnukan, ko ranar kwana 21, kafin ƙyaure ya ci duka. Kuma da aka bincika gaɓoɓin ba a tarar da baƙin a wurin ba, ko ƙusa ɗaya ba su kafa ba. Abin da aka gani, haushin TNF ya ragu, kuma wasu irin karnuka sun yawaita, dattawan cikinsu, masu shiga tsakani su ce a bari."

"Wato ba kafintoci ba ne, masu sulhu ne," in ji Dila.

"Haka ne, Malam. Shi kansa Caplan a 2017 ya nemi a sake musu suna, don kiransu ƙwayoyin tushe na sa marasa lafiya zaton za a tsiro musu da sabuwar gaɓa, masu neman kuɗi kuma na cin kasuwa da sunan."

Gizo ya yi tari, ya duba agogo ɗaya daga cikin huɗun.

"Sulhun ma ba kullum yake ƙulluwa ba. Shekara biyu kafin na Jenowa, a Mompeliye ta Faransa, an yi irin gwajin ba a ga sauƙi ba, sai ma alamun faɗan ya ƙara tsami. Da suka bi diddigi a kwalba, suka ga in haushin TNF ya yi yawa masu sulhun kan rasa bakin magana. A Giranada ta Sifen kuma, a 2009, an yi da ƙwayoyin kitsen mutum aka dace. Nan a dace, can a ƙi dacewa. Ya danganta da jinin kusun, da inda aka ɗebo ƙwayoyin, da yadda aka rene su, da ranar da aka ba da su. Wani abin ma sai an daure a ji. In ta jijiya aka sa su, yawancinsu ba sa wuce huhu, don sun yi wa ƙananan hanyoyin jinin wurin girma, nan suke maƙalewa, kafin kwana ɗaya akasarinsu sun mutu. Aka daɗe ana mamakin yadda matacce zai yi sulhu. Sai a 2017 wasu a Landan, suna binciken wata cuta daban, suka nuna mutuwar tana cikin aikin. Karnuka su kashe baƙon, manyan cikinsu masu haɗiya su cinye gawar, daga nan sai zuciyarsu ta yi sanyi, su koma suna hana 'yan'uwansu faɗa."

Taro ya yi tsit. Tunkiya ta raɗa wa ta kusa da ita cewa in an zo neman masu sulhu a ce ba ta nan.

"A bar dangin Kusu haka," in ji Dila. "Masu hannu irin na Gwaggo fa?"

"An fara taɓawa. A Sifen an gwada a kan mutum 53 waɗanda sauran magunguna suka gaza musu, aka buga sakamakon a 2017. Yawancinsu sun jure shi, wasu sun ji sauƙi, amma 53 ba su isa a yanke hukunci ba, masu gwajin ma ba su ce sun isa ba. Hukumar magunguna ta Amurka sai a Disamban 2024 ta amince da maganin farko na irin ƙwayoyin nan, shi ma don yaran da aka yi wa dashen ɓargo sabon jinin ya juya yana yaƙar jikinsu. Ba don gaɓɓai ba. A can Amurkar kuma, a Fulorida, wasu mata uku sun biya kuɗi aka yi musu allurar ƙwayoyin kitsensu a ido, ɗan ganin da suka je da shi ya lalace."

Bushiya ta ɗaga hannu. "Allah ya gafarta Malam, zancen Benin ma a gyara shi. An yi, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, a 2011. Amma waɗancan ƙwayoyi ne masu haifar da jini, daga ɓargon ɗan'uwan yaron aka ɗebo su bayan an tabbatar jininsu ya dace, aka kwantar da nasa ɓargon da magani mai ƙarfi, ya yi makonni a killace. Ba a harshe aka barbaɗa masa ba."

Dila ya juya ga Gizo. "Ƙwayoyin nan naka, masu rai ne?"

"Da ransu, Malam, har motsi suke."

"Tsattsewa, a ina ake ajiye masu rai?"

"A tulun ƙarfe mai ruwan naitirojin, sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. In aka narkar da su, sa'o'i kaɗan gare su."

Kowa ya waiga ya dubi motar Gizo, tana tsakiyar rana, ko yaro ba ya iya dafa but ɗinta. Dila ya ɗauki leda ɗaya, ya nisanta ta da ido, ya karanta ƙananan rubutun baya. "Tuffa. Inabi. Sukari. Gizo, tuffa tana da gwiwa?"

"Ta Turai tana da ita, Malam."

Sai wata 'yar murya ta fito daga ƙarƙashin gefen zanen Gwaggo. "Malam, a tambaye shi ina 'yan ruwan gishirinsa."

Gizo bai gane tambayar ba, amma ya ce shi ba ya wasa da gishiri, shaidarsa mai ƙafafu ce. Ya yafito wata dattijuwa daga bayan taro, ta taho tana dogara sanda tana nishi, wannan karon da koren lulluɓi. Dila ya ce a kawo ledar, shi zai ba ta da hannunsa don neman lada. Ya ɗan juya baya, ya juyo, ya barbaɗa mata. Ta lasa, ta yi cilli da sandar, ta rangaɗa guɗa, ta hau rawa har da juyi. Dila ya bar ta sai da ta yi mai isarta. Sannan ya buɗe ɗaya hannun, ga ledar Gizo ko ɓarka ta ba a yi ba.

"Garin shinkafa ne na ɗebo a rumfar Gwaggo," in ji shi. "Gwaggo, ashe magani kike soyawa ba ki sani ba."

Zakara ya sa baki ya fizge koren lulluɓin.

Kafin a ce kwabo Gizo ya saki zare ya haye reshen ceɗiya, daga nan sai rufin kasuwa, Ƙoƙi ta bi ta kwata. Dila ya sa aka yi gwanjon motar, kuɗin bai kai rabin abin da aka ci na jama'a ba, aka raba kowa ya sami abin da ya samu. Gwaggo dai ta tsira da tandarta.

Ranar Litinin Bushiya ta tasa ta gaba har Asibitin Koyarwa. Layin da ta guje wa shekara biyu ta bi shi, jikarta na tsaron rumfa. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannu. Likita ya ɗora ta kan wani tsohon magani, metotireset, wanda ake sha sau ɗaya a mako, ya yi ta nanata mata cewa a mako ne ba kullum ba, don akwai waɗanda suka sha kullum bisa kuskure suka halaka. Ya haɗa mata da folik asid, ya ce ta riƙa dawowa a duba hanta da jini. Haɗin kemis ɗin nan kuma ya hana ta yanke shi farat ɗaya, sai a hankali, saboda akwai sitiroyid a ciki kuma jiki ya saba. Ya ce kada ta sa ran ganin komai kafin mako shida, wataƙila ma wata uku. Gwaggo ta ce Gizo dai kwana ɗaya ya ce. Bushiya ta ce shi ya sa yake kan rufi.

Da ta ba Kusu labari, ya ce akwai ma allurai masu toshe haushin TNF kai tsaye, kuma a kan danginsa aka nuna amfaninsu a Landan a 1992, shekarar da aka fara gwada su a kan mutane. Yau miliyoyi sun amfana, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin mai masa. Ya faɗi haka da ɗan alfahari. Ta tambaye shi ko su ma masu sulhun wata rana za su iso. Ya ce wasu abubuwan da aka gwada a kansu sun iso, da yawa sun maƙale a hanya, shi kuma kusu ba ya wuce shekara biyu ko uku a duniya, sai dai ta tambayi Tsattsewa baɗi.

Kafin a ci sabuwar gyaɗa kumburin ya sauka, asuba ta daina zame mata abin tsoro. Yatsu biyu na hannun dama, waɗanda suka riga suka karkace, sun tsaya a yadda suke. Likita ya ce da a watannin farko ta zo da an cece su. Ta koma bakin murhu, jikar na zuba ƙulli, ita tana juyawa da hagu tana faɗan yarinyar na cika gurbi da yawa.

Saura Kura da katan 40 a ɗaki, ba fili, ba mai saye. Ta ji labarin an ga Gizo a kasuwar Azare, ya sake mota, ya sake kwat, yanzu wani abu yake talla wai shi ekzozom, wanda ya ce ya ninka shitem shel sau goma. Ta wasa haƙora, ta rantse a bainar jama'a sai ta dawo da kansa a leda, ta faɗa motar Azare. Bayan kwana uku sai ga ta da katan 60 bashi, da sabuwar lamba a wuya. Wai an yi mata ƙarin girma zuwa Dabul Dayamon, kuma duk mai son shiga ta ƙarƙashinta ya same ta a Inkil bayan la'asar.

Ƙurunƙus.